Batir: Mu Daina Cin Iri Muna Cewa Tsautsayi Ne

Duk wanda ke zirga-zirga a kasuwanninmu na kan iyaka, tun daga Basunda da Gallabat, ka biyo ta Doka har cikin birnin Gadarif, ya san akwai wani kuka da ya zama ruwan dare a bakin direbobin lori da masu tarakta, da kuma 'yan uwanmu masu kwale-kwalen inji da ke kamun kifi a tafkin dam ɗin Atbara da Setit. Kukan kuwa shi ne wai batiran zamanin nan ba su da albarka, ka saya da tsada yau, kafin damina ta zagayo sun mutu. Wasu su ɗora laifin a kan mai shago, wasu a kan kamfani, wasu kuma su ce ai tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa.

Ba mu musa cewa akwai jabun kaya a kasuwa ba, za mu ma zo kan wannan a gaba. Amma ra'ayinmu shi ne, akasarin batiran da ke mutuwa a hannunmu mu ne ke kashe su da kanmu, kuma lokacin da muke kashe su shi ne lokacin da inji yake a kashe. Batirin da aka ƙera domin ya tayar da inji mun mayar da shi kamfanin wutar lantarki na kowa da kowa. A jona masa salula goma, a jona rediyo, a jona fitila da fanka, wani ma har da firij, a kwana ana zuƙa, da asuba kuma a murɗa makulli ana so ya amsa. Wannan daidai yake da manomin da ya daka irin shukarsa ya yi tuwo da rani, sa'annan ruwa ya sauka ya tsaya yana zargin rumbu.

Mun san ba da son rai jama'a suka faɗa wannan hali ba. Tun ɓarkewar yaƙi a watan Afrilun 2023 wutar lantarki ta ƙara zama abin marmari, ga shi dama ƙauyukanmu da yawa ba su da ita. A watan Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, lamarin da ya sa mutane da dama a faɗin ƙasar nan suka koma dogaro da na'urar Starlink. A watan Janairun 2025 kuma jirage marasa matuƙa suka kai hari kan tashar wuta ta Shuwak, Gadarif da Kassala suka shiga duhu, duk da cewa dam ɗin Atbara da Setit da aka buɗe a 2017, mai ƙarfin megawat 320, a jiharmu yake. A ɗaya gefen kuma ciniki ya koma cikin salula. Ɗan kasuwar da wayarsa ta mutu ba zai buɗe Bankak ya karɓi kuɗinsa ba, ba kuma zai san nawa riɗi ya kwana a kasuwar amfanin gona ta Gadarif ba. Don haka buƙatar caji gaskiya ce, babu mai ce wa kowa ya daina. Abin da muke cewa shi ne a yi ta da lissafi.

Bari mu fara da masu kwale-kwale, domin a wurinsu ne abin ya fi hatsari. Lori idan ya ƙi tashi a kan kwalta, a tara samari a tura, ko a jira wani direba ya zo a ja wuta daga nasa. A tsakiyar ruwa babu turi, kuma ba kullum ake samun mai wucewa ba. Masunci yakan kashe inji da dare domin ya tsimi mai kuma kada ya kori kifi, ya bar fitila a kunne, yaransa su jona wayoyinsu, rediyo na ta yi. Idan injinsa ƙarami ne na jan igiya, to da sauƙi, zai tashi ko babu batir, sai dai ya dawo cikin duhu ba fitilar da wani jirgi zai gan shi da ita, ba kuma wayar da zai nemi agaji. Idan kuwa babban inji ne na makulli, kuma iska ta taso irin ta farkon damina, to maganar ta wuce ta asarar kifi, ta koma ta rai. Kai kuma ɗan kasuwa da ka ba shi kuɗin mai da na koma kana jiran kaya a bakin ruwa, ka sani jarinka na cikin wannan kwale-kwale, kifi kuwa ba ya jiran kowa a zafin ƙasar nan.

Haka abin yake ga masu lori, ko da hatsarin bai kai na ruwa ba. Kowa ya san yadda mota kan yi kwana da kwanaki a Gallabat ana jiran takarda ko jiran a buɗe hanyar Metema, kamar yadda aka rufe iyakar na wasu makonni a watan Satumban 2024. A irin wannan zama ne batir ke shan wahala. Idan kuma damina ce, motarka ta kafe a baƙar lakar nan tamu mai danƙo, ko gari guda aka tara ba za a tura ta har ta tashi ba.

To, mene ne lissafin? Mai karatu, kada sunayen su ba ka tsoro, wanda ya iya lissafin buhu da mudu, ya iya canjin fam ɗin Sudan zuwa bir ɗin Habasha a ka ba tare da takarda ba, wannan ba zai gagare shi ba. A jikin kowane batir akwai lamba da haruffan Ah a gabanta, misali 70 ko 100 ko 150. Wannan shi ne yawan abin da ke cikin buhun. Batir mai lamba 100 yana nufin zai iya ba da amfiya 5 har tsawon awa 20. A jikin kowace na'ura kuma akwai lambar wat. Ka raba wat ɗin da 12, ka sami amfiyar da take ja. Ka ninka da yawan awannin da za ta yi a kunne, ka sami mudu nawa za ta ɗiba daga buhun. Shi ke nan.

Ga misali. Ƙwan fitila biyu na zamani marasa cin wuta, kowanne wat 10, idan suka yi awa 10 a kunne za su ɗibi kimanin 17. Babbar salula ta shafa, daga mutuwa zuwa cika, takan ɗibi kusan 2, ke nan guda shida sun ɗibi 12. Rediyo mai lasifika da ke jan amfiya 1, a awa 5 ya ɗibi 5. Ƙaramin famfon kwashe ruwa mai jan amfiya 3, a awa guda ya ɗibi 3. Jimla 37 ke nan a dare ɗaya, kuma ba a yi almubazzaranci ba. Amma da a ce maimakon waɗancan ƙwayaye biyu an ɗaura tsohon ƙwan fitilar mota mai wat 55, shi kaɗai zai sha kusan 46 kafin gari ya waye. Babban faifan Starlink kuwa yakan ja tsakanin wat 75 zuwa 100, idan ka haɗa da abin da inbata ke ci a hanya, cikin awa 6 kacal ya kwashe kusan 50.

Wani zai ce to ai 37 ko 50 daga cikin 100 ba komai ba ne, saura da yawa. A nan ne gizo ke saƙar. Batirin ruwa irin namu na dalma, wanda wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro tun 1859, yana da halinsa da bai canza ba har yau: ba duk abin da ke cikinsa ne naka ba. Masana sun yi ittifaƙin cewa idan kana so ya daɗe, kada ka ɗibi fiye da rabi. Wato buhu mai mudu 100, naka 50 ne, sauran 50 jarin batirin ne. Wannan ma ga sabon batir ke nan, wanda ya shekara biyu yana aiki buhunsa ya riga ya tsuke, ko da lambar jikinsa ba ta goge ba. Bugu da ƙari, tun 1897 wani Bajamushe mai suna Wilhelm Peukert ya nuna cewa gwargwadon yadda ka zuƙi batir da ƙarfi, gwargwadon yadda abin da zai ba ka ke raguwa. Mai jan wuta da yawa a lokaci guda ba zai sami ko lambar da aka rubuta ba.

Abu na biyu da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, batir iri biyu ne, kamar doki da jaki. Na tayar da inji farantan dalmarsa sirara ne masu yawa, an yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfin gaske cikin daƙiƙoƙi kaɗan, sa'annan dainamo ya mayar masa nan take. Abin da tayar da inji ke ɗiba bai taka kara ya karya ba, sau da yawa bai kai mudu ɗaya ba, amma yana buƙatar batirin ya kasance da ƙarfinsa. Irin wannan ko kashi ɗaya cikin biyar ka riƙa kwashe masa kullum, kana rage masa kwana ne. Na biyun kuma shi ne wanda aka fi sani da batirin sola, mai farantai masu kauri, wanda aka yi domin a riƙa jansa a hankali tsawon dare, a cika shi da rana, sau ɗaruruwa. Doki na sukuwa ne, jaki na kaya. Wanda ya ɗora wa doki buhunan dawa kullum, ranar da yake buƙatar gudu zai sha mamaki.

Idan batir ya sauka ƙasa aka bar shi a haka kwana da kwanaki, wani farin gishiri kan daskare a jikin farantansa, kuma idan ya yi tauri caji ba ya narkar da shi. Wannan ne dalilin da ya sa za ka kai batir wurin mai caji ya kwana, mita ta nuna ya cika, amma awa biyu ya zube. Ga kuma zafi. Ma'aunin da kamfanoni ke gwada batir da shi digiri 25 ne, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba tsawon ransa biyu. Mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafinmu kan haura 40. Ke nan batir a ƙasarmu dama a wahale yake tun kafin mu ƙara masa namu.

Akwai wata magana da ake yawan yi, wai in ka ga batir ya yi sanyi ka tayar da inji minti goma ya cika. Wannan yaudarar kai ce. Ƙananan injinan kwale-kwale da ke da hanyar caji, da yawansu abin da suke bayarwa bai wuce amfiya 6 ba, shi ma sai suna gudu sosai. Wanda ya ɗibi 37 da dare, ya yi tafiyar awa guda zuwa bakin ruwa, abin da ya mayar bai wuce 6 ba. Gobe ya sake fita da bashin 31 a wuyansa, jibi bashin ya ninka. Dainamon lori ya fi haka ƙarfi nesa ba kusa ba, amma shi ma idan mota na tsaye tana kaɗawa a hankali ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, ga shi batirin dalma ƙarshen cikarsa a hankali yake sha, ba a yi masa ɗura. Ka ƙona man da ka saya da tsada, batir kuma bai ƙoshi ba.

Masu manyan motoci kuma akwai nasu na musamman. Motar da ke aiki da bolt 24 batir biyu ne aka jera. Sai ka ga yaron mota ya maƙala waya a kan guda ɗaya domin ya sami bolt 12 na caji ko rediyo. Abin da ke faruwa shi ne ɗayan ya riƙa ramewa, ɗayan kuma caji ya yi masa yawa ruwansa ya riƙa ƙonewa, a ƙarshe a yi asarar duka biyun. Akwai ƙaramar na'ura mai sauke wuta daga 24 zuwa 12, kuɗinta bai kama ƙafar na batir ɗaya ba.

Mafita a ganinmu a fili take, kuma ita ce ƙa'idar da masu jiragen ruwa ke bi a ko'ina cikin duniya: a raba gida. Batirin inji na inji ne kaɗai, ba a taɓa shi idan inji na kashe. A sayi na biyu, irin na sola, shi ne na fitila da salula da rediyo. A sa makunni tsakaninsu, ko na'urar da ke haɗa su da kanta idan inji na aiki ta kuma raba su idan ya tsaya. Ta haka ko na biyun ya ƙare ƙarƙaf, makulli zai amsa.

Mun san abin da za a ce: ina kuɗin? A wannan marra da ake fama da na abinci, wa zai sayi batir biyu? Tambaya ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. Amma mu yi lissafin 'yan kasuwa. Wanda ke kashe batirin inji duk shekara ko ƙasa da haka, ai dama batir biyu yake saye, sai dai ɗaya bayan ɗaya, kuma ya haɗa da asarar kifin da ya ruɓe, ko lodin da ya makara aka sayar a faɗuwar farashi, ko kuɗin janwe. Wanda bai da halin na biyun a yanzu, to aƙalla ya sayi 'yar mitar auna wuta, wadda ba ta kai kuɗin cajin wata guda ba. A cire komai daga jikin batir a bar shi ya huta kamar awa guda sa'annan a auna. Idan ta nuna 12.6 ko sama, a cike yake. Idan 12.4 ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi, mai batir ɗaya ya tsaya nan. Idan 12.2 ne, rabi ya tafi, nan ne iyakar batirin sola. Idan ya sauka ƙasa da 12, ana cikin cin iri. Idan inji na aiki kuma, ya kamata a ga tsakanin 13.8 zuwa 14.4, in ba haka ba dainamo ba ya mayarwa.

Akwai kuma wata matsalar da ba ta kuɗi ba ce, ta kunya ce. Ɗan uwanka ya zo da waya a hannu ya ce, Alhaji a taimaka a ɗan sa mini, yaya za ka ce a'a? Bahaushe ya gwammace motarsa ta kwana a daji da a kira shi marowaci. Ba mu ce a daina taimako ba, zumunci shi ne ya riƙe mu a ƙasar nan tun zamanin kakanninmu da suka yada zango a Gallabat kan hanyarsu ta zuwa Makka. Amma a yi kyauta daga rumbu, kada a yi daga iri. Mai batir na biyu zai taimaki jama'a hankalinsa kwance. Wanda bai da shi kuma, idan mita ta nuna an kai iyaka, faɗin gaskiya ba rowa ba ce, musamman ga mai kwale-kwale da rayukan yara ke hannunsa. Mu masu roƙon caji mu ma mu riƙa jin nauyi.

Sauran dabarun ba su da wuya. Faifan sola mai wat 100 a rana mai kyau yakan mayar da kimanin 25 zuwa 30, amma da damina ko lokacin ƙura yana raguwa, kuma dole a haɗa shi da na'urar daidaita caji, a riƙa goge shi. A yi cajin salula da caja mai shiga bolt 12 kai tsaye, domin inbata na cinye kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a banza, tana kuma ci ko ba a jona mata komai ba. A sa fis kusa da kan batir, domin wayoyin wuta biyu da suka haɗu a kwale-kwalen da ke ɗauke da jarkar fetur gobara ce a tsakiyar ruwa. A ɗaure batir a inuwa, inda iska ke shiga, nesa da mai, saboda yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, kada a kusance shi da sigari. Idan ruwansa ya ragu a ƙara tataccen ruwa, ba na rijiya ko na kogi ba. Masu hali kuma akwai batirin litiyom na sola, wanda ake iya ɗibar kashi 80 cikin ɗari ko fiye na abin da ke cikinsa, ga rashin nauyi ga daɗewa, sai dai tsada, kuma yana son cajar da ta dace da shi.

Ku kuma 'yan uwanmu masu sayar da batir, ku ji tsoron Allah. Wanda ya zo saye ku tambaye shi aikin me zai yi da shi, kada ku miƙa masa na mota alhali na sola yake buƙata. Ku daina wanke tsoho kuna canza masa takarda. Mai saye shi ma ya duba ranar ƙira, ya sa a auna a gabansa, ya kuma ɗaga ya ji nauyi, domin dalma ce ke da nauyi, batir mai babbar lamba da ba shi da nauyi abin tuhuma ne. Araha dai ba ta ado. Wanda ya mutu kuma kada a fasa shi a tsakar gida ko a bar wa yara. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar a ƙasar Senegal, yara 18 ne suka rasu tsakanin 2007 da 2008 sakamakon gubar dalma daga fasa tsofaffin batira. Duk batirin da muka kashe kafin lokacinsa ƙarin wannan guba ne a garuruwanmu.

A ƙarshe muna kira ga shugabannin kasuwanni da na direbobi da sarakunan ruwa da su ɗauki wannan magana da muhimmanci. A haɗa kuɗi a kafa rumfar caji ta sola a tasha da bakin ruwa, domin a sauke wa motoci da jirage wannan nauyi. A kuma mayar da shi al'ada cewa kwale-kwale ba ya barin gaɓa da yamma sai an auna batirinsa, kamar yadda ba ya tashi sai an duba mai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu da rayukanmu, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasa, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.